Hafsa ko Hafiza? Suna ranar Alhamis, ba mu tsai da ɗaya ba

Angon Ƙarni, Zariya:

Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka mini da shawara, lokaci ya ƙure. Allah ya sauki maiɗakina lafiya ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, a gidan likita nan cikin Maradi. Mun sami ɗiya mace, kuma haihuwar fari ce. An yi mata kiran salla a kunne, amma ban yi huɗuba da suna ba, domin bakinmu bai zo ɗaya ba. Ni Hafsa nake so. Mai jego ta fi son Hafiza, ta ce suna linzami ne, burinta yarinyar ta haddace Alƙur'ani. Wani abokina ya ce wahalar banza muke yi, wai suna ɗaya ne, bambancin baki ne kawai kamar Khadija da Hadiza.

Da gaske suna ɗaya ne? In ba ɗaya ba ne, wanne ya fi a wajen malamai? Akwai kuma gwaggona, ƙanwar mahaifina, sunanta Habsu, gida ɗaya muke zaune, ban sani ba ko in na sa Hafsa na yi mata takwara ke nan. Sai maganar takarda: wane rubutu zan ba su don kada a samu matsala gaba? Bayan suna mai jego za ta tafi wanka gidansu a Tibiri, sai ta yi arba'in za ta dawo. Yau Lahadi.

Almajirin Limanci:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da arziki, Allah ya raya ta bisa Sunna, ya ba mai jego lafiya.

Abokinka ya yi kuskure, kama da wane ba ta wane. Khadija da Hadiza suna ɗaya ne da harshenmu ya sassauta, amma Hafsa da Hafiza tun daga saiwa suka rabu. Ɗauki allo ka rubuta su za ka gani. Hafsa, حفصة, ha ƙarami ne, fa, sodi, sai ta kuri. Hafiza zadi gare ta a inda waccan take da sodi, kuma ita kanta iri biyu ce. Akwai حافظة mai alif bayan ha, ana jan farkonta, ita ce mai kiyayewa ko mai hadda, da ita ake kiran macen da ta haddace izu 60. Akwai kuma حفيظة mai ya bayan fa, ana jan tsakiyarta, mai yawan tsarewa, mai riƙon amana. Boko ba ya nuna ja, shi ya sa duka biyun suke fitowa Hafiza a takarda. Ta farko mai jego take nufi, amma ta biyu bakin mutane zai kira, domin mun saba da Hafizu na maza da jan tsakiya. Ka tambaye ta wacce take so.

Hafsu a Larabci ɗan zaki ne, da shi ake yi wa Sayyidina Umar alkunya da Abu Hafs. Sai dai ba don zaki ake sa wa ɗiya Hafsa ba, don mai sunan ne, Nana Hafsa ƴar Umar, uwar muminai, shaƙiƙiyar Abdullahi ɗan Umar. Mijinta na farko, Khunaisu ɗan Huzafa, ya rasu a Madina, Annabi (SAW) ya aure ta a shekara ta 3 bayan Hijira. Ta iya rubutu a zamanin da mata ƙalilan suka iya, Shifa'u ƴar Abdullahi ce ta koya mata, kuma an yi mata shaida da yawan azumi da tsayuwar dare. Ga inda maganar ta shafi burin mai jego. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Abubakar ya sa Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani a rubuce. Takardun suna hannun Abubakar har ya rasu, suka koma hannun Umar, daga shi sai hannun Hafsa. Da Sayyidina Usmanu zai sa a rubuta mus'hafan da aka aika garuruwa, wurinta ya tura aka aro su, aka kwafa, aka mayar mata. Haka yake a Buhari. A cikin tabi'ai kuma akwai Hafsa ƴar Sirin, ƴar'uwar Muhammadu ɗan Sirin, an ruwaito ta haddace Alƙur'ani tana shekara 12. Mai neman sunan da ke manne da Alƙur'ani bai rasa komai ba in ya sa Hafsa. Ka karanta wa mai jego wannan.

Hafiza kuma halas ce, kada wani ya tsorata ku. Masu cewa Alhafizu sunan Allah ne gaskiya suka faɗa, shi ya sa ake sa wa namiji Abdulhafizu. Amma siffa ce da ake ba bawa ma idan babu alif da lam. Annabi Yusufu ya ce da kansa "hafizun alim" a aya ta 55 ta surarsa, kuma a Suratun Nisa'i aya ta 34 an yabi mata na ƙwarai da "hafizatun lil gaibi". Inda wasu malamai suke ɗan ja da baya shi ne sunan da ke ɗauke da yabon kai a addini, domin Annabi (SAW) ya canja sunan Barra ya mayar Zainab, wata Barrar kuma ya mayar Juwairiya. Ni ban ga Hafiza ta kai can ba, tunda fata ne iyaye suke yi kamar yadda ake sa Saliha. Abin da ya fi damuna da ita na yau da kullum ne. A islamiyyunmu Hafiza muƙami ne da yarinya take samu ranar walimar hadda. Wadda ake kira haka tun tana zanen goyo, in Allah bai nufe ta da hadda ba, za ta riƙa shan tambaya, izu nawa kika kai? In kuma ta haddace, muƙamin ya ɓace a cikin sunan. Hafiza Hafsa kuwa ya zauna daram.

Tunda maganar sunaye masu kama ake yi, akwai wanda ya fi wannan haɗari. Asiya da sin, آسية, matar Fir'auna ce, suna mai daraja. Asiya da ain da sodi, عاصية, mai saɓo ke nan, kuma wata ɗiyar Umar da ke da shi Annabi (SAW) ya mayar da ita Jamila, Muslim ya ruwaito. Duk sunan da mutum zai sa, a rubuta masa shi da Larabci tukuna.

In an saɓa, haƙƙin sa suna na uba ne, malamai sun faɗi wannan. Amma wadda ta sha naƙuda a shawarce ta da gaske, ba shawarar cika baki ba.

Lissafin ranarka daidai ne. A mazhabar Malik ba a ƙirga ranar haihuwa idan alfijir ya riga ya keto, sai a fara daga Juma'a, kwana na 7 ya faɗa Alhamis. Da kafin asuba aka haife ta, da Laraba ce. Dabba ɗaya ce ko ɗa namiji ko ɗiya mace, da sharuɗɗan layya kamar yadda yake a Risala: rago ko tunkiya mai shekara 1, akwai ƙaulin wata 8 da na wata 10, akuya kuwa sai ta cika shekara ta shiga ta 2. Ban da mai ido ɗaya, ban da gurguwa, marar lafiya ko ramammiya. Da hantsi ake yanka, ba a shafa wa jaririya jinin. Gashin da wanzami ya aske a tattara shi a ƴar takarda, a kai wa maƙerin fari ya auna, a yi sadaka da nauyinsa na azurfa ko zinariya. Bayyana suna ga jama'a ranar 7 ne, amma babu laifi ka yi huɗuba kafin nan, domin Annabi (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. In kun daidaita yau, ka raɗa mata yau.

Hajiyar Bagalam:

Barka ɗana, Allah shi raya, shi sa mai jin ƙan iyaye ce. Malam ya gama ta zaure, ni ta cikin gida zan faɗa maka.

Habsu Hafsa ce, babu ko tantama. Hafsatu, Habsatu, Hapsatu, Habsu, duk abu guda ne, yadda wani ke cewa tafki, wani tabki, wani tapki. Saboda haka in kunka sa Hafsa, ko da niyya ko babu, duk wanda ya ji zai ce an yi ma Gwaggo takwara, kuma guɗar da za a rangaɗa tata ce. Daga ranar sunan zai ɓuya. Kai ba ka iya tsayawa tsakar gida ka ƙwala kiran sunan ƙanwar ubanka tana zaune bisa tabarma, balle matarka, ga kunyar surukai ga kunyar ɗiyar fari. Ɗiyan Gwaggo ma ba su kira. Dole a yi alkunya, kuma in ba ku zaɓa ba mata za su zaɓa muku kahin buki shi watse: Ummi, Mama, Walida, Nana, ko Gwaggo ƙarama. Wanda anka kira ranar nan shi ke bin ta har ɗakin miji. Mata nawa ne sai ranar ɗaurin aure ƙawayensu ke jin sunansu na yanka?

Takwara kuma nauyi ce bisa mai suna. Za ta yi ɗinki, turmin atamfa, sabulu, kayan jariri, mai hali har ƴar tunkiya ko akuya take ba takwararta, kuma hidimar ba ta ƙarewa sai ta kai ta ɗaki. Don haka kada ta ji a bakin sanƙira. Ka tahi ɗakinta da kanka, ko ka roƙi mahaihinka shi yi mata magana, kada a wuce daren Talata, a ce mata ana son a mayar da sunanta, don ta samu kwana guda ta shiga kasuwa. Abin da ya hi muni shi ne ta yi murna ta yi hidima, sannan ta ji kana faɗa ma abokanka ai ba ita ka yi ma ba, matar Annabi ka yi ma. Maganar nan kaɗai ta isa ta ɓata zumunci. In za ka sa, ka haɗa niyya biyu ka yi shiru da bakinka. Ka kuma san dangin matarka na lissahi: ɗiyar fari ta tahi wajen dangin uba, ta biyu tasu ce.

Hafiza ba ta da wannan nauyi, amma tana da nata. Mu nan kihi muke cewa, tahi, lahiya. Tsohuwa ba ta cewa Hafiza, Hahiza za ta ce, mai nisa kuma Hadiza zai ji don da ita kunne ya saba. Dubi hanyar da suna ke bi da sahe. Ka raɗa ma liman, liman ya yi addu'a ya faɗa ma sanƙira, sanƙira ya ɗaga murya cikin hayaniyar rabon goro da dabino, wani yaro ya ruga cikin gida ya faɗa ma mata, wata ta ɗauki waya ta kira Tibiri. Baki biyar ke nan. Kahin azahar rabin dangi na cewa Allah raya Hadiza, wani ya riga ya sa hoto a WhatsApp da sunan a ƙasa. Maganin abin ba wuya. Ka rubuta sunan da Larabci da boko ka miƙa ma liman tare da goronshi. Ka sa sanƙira shi maimaita a gabanka kahin shi yi shela. Uwarka da uwar matarka kuma su sani tun daren Laraba, don su ne za su gyara ma mata.

Kahin ka yanke, ga gwaji. Ka samu tsofaffi biyu, guda daga wajenka guda daga wajen matarka, kowace ta kira sunayen da ƙarhi kamar tana kiran yarinya daga ƙofar gida. Abin da ka ji shi ɗiyarka za ta amsa. Ka kuma duba ko gidanku akwai ƙaramar Hadiza ko Nahisa, don yara biyu masu suna kusa a tsakar gida guda, kullum an kira wannan waccan ta amsa.

Ni dai in Gwaggo na da kirki gare ku, a yi mata, ƙanwar uba ba abin yadawa ba ce. Wanzami kuma aski kaɗai, kada a bari shi taɓa beli, likitoci sun daɗe suna gargaɗi a kan zubar jini da cutar da aska ke ɗaukowa.

Angon Ƙarni, Zariya:

Allah ya ƙara sani Malam, na gode Hajiya. Akwai Hadiza kuwa, ɗiyar yayana, shekararta 3, gida ɗaya. Mai jego ta ji bayanin Malam, ta ce to a haɗa biyun a rubuta Hafsa Hafiza kowa ya huta. A likita sunan uwar kawai suka rubuta a karne, wato ɗan littafin asibiti, suka ce in dawo bayan suna. Zan iya bari sai ta dawo daga wanka?

Mai Rajista, Ali Ɗan Sofo:

Barka angon ƙarni. Kada ka bari sai ta dawo. Dokar rajistar haihuwa ta Nijar, mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019, kwana 60 ta bayar a bayyana haihuwa, kuma daga ranar haihuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar suna ba. Cikin wa'adin kyauta ne. Yi lissafi da kanka. Ranar suna kwana 7 sun tafi. Mai jego ta wuce Tibiri, karne da duk ƴar takardar da aka ba ku a likita suna cikin jakar kayan jariri. Ranar da ta dawo saura kwana 20, ga yawon arba'in gida-gida. A nan yawancin mutane suke faɗuwa, ba don sun ƙi ba. In wa'adi ya wuce, ma'aikatar magajin gari ba ta da ikon rubuta yarinyar sai da hukuncin alƙali, ka nemo shaidu, ka kashe kuɗi, ka yi ta zirga-zirga a kotu. Kuma inda aka haihu nan ake rubutawa. A Maradi aka haife ta, Tibiri gunduma ce daban, kada surukai su ce bari su yi a can. Birnin Maradi gunduma 3 ne, ka tambayi likitar wacce suke aika wa takardunsu, don ka san ƙofar da za ka je karɓa. Alhamis suna, Juma'a da safe ka koma likita da karne, sannan a ɗauki mai jego. In hakan ta kuɓuce, ranar rigakafin sati 6, wato kwana 42, kada ta wuce ka.

Yanzu rubutu. Mai cika rajista da Faransanci yake rubutu, kuma abin da kunnensa ya ji shi yake sawa. Hafsa kaɗai tana fitowa Hafsatou, Hafssatou, Hapsatou, Habsatou, Habsou, har Afsatou, domin H ba ta furtuwa a Faransanci. A wajen Malam da Hajiya duk suna ɗaya ne, a wajen kwamfuta mutum 6 ne. Hafiza ta fi tarko. A Faransanci s guda tsakanin wasula biyu z ake karanta ta, sai wani ya rubuta Hafisa yana ganin ya yi daidai. Ranar da takardar ta wuce Ɗan Isa, a bakin iyakar Najeriya, ta isa Katsina, da s za a karanta. Wani kuma ya ninka, ya rubuta Hafissa ko Hafissatou, to nan an bar sunan gaba ɗaya, ga shi H babba da N babba a rubutun gaggawa kusan ɗaya suke, mai kwafa ya mayar da ita Nafissa. Babban tarkon shi ne f ta koma d. Hannun da ya saba rubuta Hadiza kullum da kansa yake zamewa can, kuma a gidanku akwai Hadiza da wataƙila sunan kakansu ɗaya zai bi bayan nasu.

Shawarata HAFSA, harafi 5, ko HAFIZA da z, harafi 6, babu wutsiya. Haka Bahaushe zai karanta daidai, mai Faransanci da mai Ingilishi ma haka. Wutsiyar ce ke raba takardu: mu nan tou muke rubutawa, Najeriya tu ko t kawai. Yarinyar Maradi kuwa ba ka san inda karatu ko aure zai kai ta ba, Katsina da Kano kusa suke. Maganar Nana ma a yanke ta tun yanzu. In an rubuta Nana Hafsa a rajista, Nana ta zama suna, dole ta bi kowace takarda. In girmamawa ce ta baki, a bar ta a baki.

Hafsa Hafiza a takarda ban goyi baya ba. Za a rubuta maka in ka nace, amma sunaye biyu masu kama gaba da baya, mai kwafa zai ɗauka maimaici ne ya zubar da ɗaya, wani ya juya su, wani ya haɗe su ya fitar da na uku.

Ranar da za ka je, ka rubuta sunan da manyan haruffa a farar takarda ka miƙa, kada ka faɗa da baki. Ka riƙe katin ɗan ƙasarka da na uwar, a kwafi sunayenku harafi da harafi daga jikin katin. Kuskure ya fi yawa a sunan uba a kan na jariri: Mahamadou, Mahamane da Maman, ko Issoufou da Youssouf, ko Aboubacar da Boubacar. Mutum ya faɗi wanda ake kiransa da shi a unguwa, katinsa kuwa wani ne a jiki. Ka duba kwanan wata, domin wasu ranar suna suke bayarwa a madadin ranar haihuwa, kuma tunda duka Alhamis ne ba mai lura. Ka duba an rubuta mace. Ka karanta kafin a rufe littafi, ka sake karantawa ranar da aka miƙo maka takardar haihuwar, kana tsaye a wurin. Bayan an sa hannu da hatimi, gyaran harafi ɗaya ba aikin biro ba ne, sai an bi ta hannun shari'a.

Kuskuren ba ya ciwo yanzu. Zai kwanta har ranar da za a haɗa takardun jarabawar sakandare, BEPC ko BAC, ko takardar zama ɗan ƙasa, ko fasfo na zuwa Makka, a ga rajistar makaranta ta ce abu kaza, takardar haihuwa ta ce wani. Da ka karɓa ka ɗauki hotonta a waya, ka adana ta asalin a gida, makaranta a ba ta kwafi mai hatimi.

Malamar Boko, Burja:

Barkanku da arziki. Allah gafarta Malam, ni ina ganin an ɗan danne Hafiza a zancen nan. Tambayar izu nawa ba ta hana kowa barci, ai ba kowace Jamila ce kyakkyawa ba, kuma ba a fasa sa sunan ba. Hafiza tana da wani amfani da ba a ambata ba: ba ta da yawa. A aji ɗaya za ka tarar da Hadiza, Mariama, Nana A'isha da Fatima bibbiyu ko fiye, sai da sunan uba ake raba su, wani lokaci shi ma ya zo ɗaya, maki ya tafi gun wata. Mai suna marar yawa ta tsira daga wannan. Kuma ba ta jawo maganar takwara, uban zai iya kiran ɗiyarsa da sunanta a gaban kowa.

Amma tunda akwai ƙaramar Hadiza a gidan, kuma Gwaggo tana raye, ga wata hanya. Hajiya ta ce in an sa Hafsa dole a nemi alkunya. To me zai hana alkunyar ta zama Hafiza? Sunan yanka da na takarda Hafsa, Gwaggo ta sami takwara, uba ya sami abin da yake so, uwa kuma kullum abin da take fata shi za ta ji ana kira a tsakar gida. Sai dai Hajiya ta faɗa mana ko Hafiza ta yi nisa da Habsu yadda za ta isa alkunya, don amfanin alkunya a kauce wa sunan babba, kada a kauce rabi.

Almajirin Limanci:

Malama, a shari'a babu abin da ya hana. Mutum yana iya samun suna da laƙabi da alkunya, Nana A'isha ma ana ce mata Humaira. Abin da nake so a kiyaye shi ne ranar Alhamis suna ɗaya za a ba liman, shi za a ambata wajen addu'a, kada a bar shi yana in-ina tsakanin biyu a gaban jama'a. In kuma an riga an yi huɗuba da ɗaya daga baya aka ga ɗayan ya fi, canjawa halas ne, ba sai an sake yanka ba.

Hajiyar Bagalam:

Ɗiyata, ta isa alkunya, don Gwaggo Habsu take amsawa, ba ta jin Hahiza ta waiga. Wadda za ta waiga ita ce ƴar shekara ukun nan. In sun yarda da haka, uwar ta fara kiran shi tun ranar buki a gaban mata, tun ba a liƙa ma yarinya Ummi ba.

Mai Rajista, Ali Ɗan Sofo:

Hanyar Malama tana aiki, amma da sharaɗi. Ummi ko Mama kowane malamin makaranta ya san alkunya ce, zai tambayi sunan gaskiya. Hafiza kuwa suna ce cikakkiya, in yarinya ta ce sunana Hafiza ba mai tambayar komai, haka za a rubuta a rajistar aji, a karnen likita, a islamiyya. Don haka ranar sa ta makaranta kada a aika ta da yayarta ko wani yaro. Uba ya je da kansa da kwafin takardar haihuwa, ya tsaya har a rubuta HAFSA a littafin, kuma da ta fara riƙe alli a koya mata rubuta sunan takardar kafin na gida. Karnen rigakafin da ke hannunku yanzu ma, Juma'ar nan a sa ungozoma ta cika gurbin sunan da irin rubutun da aka ba mai rajista.